Rawar Gwangwani na Uku

Tsakanin silimar Fagge da silimar Sabon Gari tafiyar mil guda ce da 'yan kai, kuma ba a yi wanda ya san wannan mil ɗin kamar Sallau Gwangwani ba. Silimomin biyu na mutum ɗaya ne, wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, fim kuwa kwafi ɗaya tak yake hayowa daga Ikko. Sai a fara haskawa a Fagge, bayan rabin sa'a a fara a Sabon Gari. Kowane fim a gwangwanaye biyar ko shida yake zuwa. Da an gama na farko a Fagge sai a miƙa wa Sallau, ya ɗaure a bayan keke, ya taka zuwa Sabon Gari, ya miƙa, ya juyo ya ɗauki na biyu. In ya makara, allo ya yi fari, 'yan kallo su hau ihu suna jifa da ɓawon rake.

Shekara tara yana wannan aiki, bai taɓa ganin fim ɗaya daga farko har ƙarshe ba. In ya wuce ta bakin teburin mai shayi samari su ce, "Gwangwani, yaya fim ɗin yau?"

Ya ce, "Da nauyi."

Ya yi aure sau ɗaya. Matar ta ce ita ba miji ta aura ba, ƙararrawar keke ta aura, ta tattara ta koma Gezawa. Tun daga nan yake zaune a shagon zauren gidansu, gidan daga shi sai mahaifiyarsa Inna Kubura, wadda ba ta gajiya da cewa, "Ko jakin 'yan itace yana da ranar hutu, kai ba ka da ita." Daga ɗakinsa yana jin kukan jirgin ƙasa in zai tashi zuwa Kudu. Shi kuwa ko Challawa bai taɓa wucewa ba.

A daminar 1955 aka kawo wani fim na Turawa, irin wanda ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa da rawa. Ranar da aka fara nuna shi an yi ruwa da la'asar, hanya ta yi caɓi. Sallau na tafe da gwangwani na uku, tayar gaba ta zame, ya faɗi, murfin ya buɗe, faifan ya gangara yana warwarewa, keken ya bi ta kai. Ya nannaɗe da hannu, ya isa Sabon Gari, ya hau ɗakin injin.

Mai haska fim a can shi ne Nwabueze, mutumin Onitsha, wanda ya shekara goma sha biyar a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya duba faifan a gaban fitila, ya dubi Sallau.

Sallau ya ce, "Oga, na kashe kaina ko?"

"Ba komai. Taɓo ne, zan goge. Jeka ka ɗauko na huɗu, kar ka faɗa wa kowa ka faɗi."

Sallau bai sake tuna maganar ba.

Fim ɗin ya karɓu, aka yi mako uku ana nuna shi, aka ajiye, aka sake dawo da shi. Lissafin tafiyar Sallau kuwa ya faɗo daidai: duk sanda ya iso Sabon Gari da gwangwani na huɗu, na uku yana dab da ƙarewa, kuma yana da kamar minti huɗu na shan iska. Ta 'yar tagar ɗakin injin yake leƙe. A wannan minti huɗun ne wani namiji mai hula da wata mace mai faffaɗan siket suke rawa a kewayen benci. Ya gani sau ɗaya, sau goma, sau talatin. Wannan ne abu na farko a fim da ya taɓa gani tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Silimar ba ta da rufi, da rana kuma ba kowa sai kujeru da ƙadangaru. Da azahar, in ya zo shafa wa keke mai, sai ya jawo benci gaban allo, ya yi ta fito da baki yana gwada takun mai hular. Wata rana yana cikin juyi ya ji an ce daga bayan kujeru:

"Ƙafar hagu ce ke fara fita, ba dama ba."

Mace ce zaune da allura da zare, kushin a cinya. Dina ke nan, 'yar Wusasa ta Zariya, tela, tana zaune a Sabon Gari gidan yayanta George ma'aikacin reluwe. An ɗauko ta ne ta gyara kushin ɗin kujerun manya.

Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, "Motsa jini nake."

"To jinin naka da dama yake farawa, na Baturen da hagu. Sau biyar na gani, Malam."

"Ni sau talatin."

"Allah Sarki. Sau talatin, kuma da dama."

Ya sake gwadawa da hagu, sai ga juyin da ya yi mako yana ba shi wuya ya zo da kansa.

Ba a yi kwana goma ba aka manna takarda a ƙofar silima. Wata ƙungiyar 'yan wasa ta Ikko, masu yawo gari gari da 'yan badujalarsu masu ƙaho da ganga, sun sauka a Sabon Gari. Masu rawarsu biyu sun tsere musu a Jos. Shugabansu, Mista Sylvester, yana neman madadi. Za a yi gwaji ranar Lahadi ta sama da ƙarfe huɗu a wani zauren taro, kuma rawar bencin nan da duk gari ke fitonta ita za a yi, badujala za ta busa. Wanda aka ɗauka zai bi su a jirgin Talata, Kaduna, Ibadan, har Ikko.

Nwabueze ne ya karanta masa. Sallau ya tsaya ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Daga nan ya hau keke ya nemi shagon Dina.

"Malama Dina, rawar ta mutum biyu ce."

Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Ka ga na yi kama da mai neman zuwa Ikko?"

"Ban sani ba. Ni dai ina nema."

"Me ka ajiye a can?"

"Ba komai. Hanyar dai ba ta dawowa Fagge bayan minti ashirin."

Keken ɗinkin ya tsaya. Ta dubi tulin rigunan makaranta da ke jiranta, duk launi ɗaya, duk yanka ɗaya. Ta ce, "Sai Yaya George ya yarda. Kuma ba ka taka min ƙafa."

Kwana goma sha biyu suka samu. Kullum tsakanin azahar da la'asar suna gaban allo, rana na dukansu, Sallau na fito, Dina na ƙirga taku da Hausa. Ita ta fi shi kunne, shi ya fi ta ido. Ya san inda mai hula yake ajiye ɗan yatsa. Inda fim ya nuna fuska kawai ba a ga ƙafa ba, sai su yi gardama su ƙirƙiro nasu. Wurin rungumar ƙarshe Dina ta ce a bar wa Turawa kayansu, ta mayar da shi riƙon gefen gyale, shi ya kama bakin nan ita ta kama wancan.

Wuri ɗaya ne ya gagare su. A tsakiyar rawar, namijin yana tsaye a wannan bakin benci, macen tana can nesa ta ba shi baya. Kafin ƙiftawar ido sai ga ta tsaye a kan benci, shi kuma ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana riƙe da hannunta.

Dina ta ce, "Wannan ba mutane ba ne, Malam Sallau. Aljanu ne."

"Makaranta suke shiga su koya. Duk abin da ɗan Adam ya yi, ɗan Adam zai yi."

"Kuma kiɗan ma a nan kamar shaƙuwa yake yi."

"Salon ke nan. Shi ya sa ba kowa zai iya ba. Wanda ya iya wannan shi za a ɗauka."

Suka dage. Ta rage tsawon siket don kar ya harɗe ta. Ya naɗa tsumma a gwiwa, tsumman ya jiƙe da jini, ya sake wani. Daga taku shida suka mayar da shi huɗu, daga huɗu zuwa biyu: ita ta juya ta daka tsalle, shi ya zube, hannu ya samu hannu. Inna Kubura ta ga yana ɗingishi ta ce, "Keken ne?" Ya ce keken ne. Ta ce, "Keken da ke sa mutum fito a bayi, Allah ya sawwaƙe."

Nwabueze yakan leƙo ta tagar injin yana kallonsu. Ana jibi gwaji ya sauko, yana goge hannu da tsumma.

"Sallau, wannan wurin tsallen. Ku sassauta masa."

"Oga, shi ne fa rawar."

"Na ce dai, in da hali, ku sa wani abu a tsakani. Ko ɗan zagaye."

"A fim akwai zagaye?"

Nwabueze ya buɗe baki, sai ga akawun maigida ya shigo yana neman makullin sito. Nwabueze ya ce wa Sallau, "Babu," ya koma sama.

Ranar Lahadi zauren ya cika: 'yan reluwe, akawuna, matan kasuwa da suka taso daga coci ba su cire ɗankwalin ado ba, da wasu samarin Fagge da suka ji labari suka zo ganin ƙwaƙwaf. Mista Sylvester na zaune gaba, doguwar sanda a hannu, gajere ne mai sanƙo. 'Yan badujala shida, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Masu rawa biyu-biyu har kashi uku suka riga su, ba wanda ya kai tsakiya ba a ɗaga masa sanda ba.

Aka kira su. Wani daga baya ya ce, "Gwangwani! Ina keken?"

Ƙaho ya tashi. Sallau bai taɓa jin waƙar daga bakin mutane masu rai ba, sai ya ji ta fi ta fim faɗi. Hagu ta fita. Zauren ya yi tsit. Suka zagaya, suka rabu, suka haɗu, gyale ya tashi ya sauka. Sanda ba ta motsa ba. Ya iso bakin benci, Dina ta tafi can nesa ta ba shi baya. Ɗaya, biyu. Ta juya ta tashi sama, ya zube, hannu ya samu hannu. Ba su taɓa yin sa da kyau haka ba. Mata suka yi guɗa.

Sai dai badujala ba ta yi shaƙuwa ba. Inda ya kamata ganga ta buga su miƙe, sai ƙaho ya yi ƙasa da murya ya shiga wani sassanyan kiɗa da Sallau bai taɓa ji ba.

Dina ta ce ƙasa-ƙasa, "Mene ne wannan?"

"Sun ɓata. Jira."

"Tashi."

"Ba a zo wurin ba."

"Malam Sallau, tashi mu yi wani abu!"

"Babu shi a ciki. Jira."

Ta dube shi, ta dubi jama'a. Sai ta zare hannunta. A kan bencin nan, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba, ta shiga taka irin rawar gaɗar da suke yi suna 'yan mata a Wusasa, ta rage mata sauri ta bi ƙahon, dunduniya da yatsu suna aiki kamar tana kan keken ɗinki. Ta je ƙarshen benci, ta yi kamar za ta faɗo, ta dawo. Ta ɗauki gyale ta yi masa fifita a ka.

Shi kuwa yana durƙushe, hannu a sama, inda ta bar shi. Yana jin gwiwar tana zugi. Abin da ya sani a duniya shi ne in faifai bai ƙare ba ba a taɓa shi, a tsaya a bakin ƙofa sai an miƙo.

"Ango, an ƙi ka ne?"

"Ba shi sadaka mana, 'yan mata!"

"Gwangwani, taya ta yi faci!"

Dariya ta cika zauren. Can sai ganga ta buga, kiɗan da ya sani ya dawo. Dina ta mayar da hannunta cikin nasa, ya miƙe daidai kan bugun, suka ƙarasa ba kuskure ko ɗaya.

Bayan an watse Mista Sylvester ya kira su. Turanci yake yi, George na fassarawa.

"Ya ce wa ya koya maka?"

"Taga."

"Ya ce bai taɓa ganin wanda ya kwafe takun nan kamar kai ba, har Ikko. Ya ce amma ina tsakiyar?"

"Wace tsakiya?"

"Inda namijin ke zagaya benci a hankali, ya je ya kamo ta, ya ɗora ta. Ya ce shi ya ga fim ɗin a Ikko."

"Babu wannan. Sau arba'in na gani."

Mista Sylvester ya ɗaga kafaɗa, ya yi doguwar magana. George ya fassara.

"Ya ce a dandamali fitila takan mutu, fatar ganga takan fashe, mashayi yakan hau. Ya ce ba ya tsoron wanda ya yi kuskure. Wanda ke tsayawa jira yake tsoro. Dina zai ɗauka. Mai gangarsu zai riƙa yi da ita kafin su samu wani." George ya sunkuyar da kai. "Ya ce in sun zagayo baɗi ka sake zuwa."

Dina ta ce, "Yaya, gaya masa tare muka zo."

Sallau ya ce, "Kar ka gaya masa." Ya dubi inuwar da ke bakin ƙofa. "Magariba ta kusa. Ana jirana a Fagge."

Washegari da hantsi Nwabueze ya zo har zauren gidansu, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaida Inna, ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye wani gwangwanin taba a gaban Sallau.

"Buɗe."

Fim ne a nannaɗe, gefensa duk a tattaune, da busasshen taɓo.

"Ranar da ka faɗi. Keken ya cinye ramukan gefe, ba zai bi inji ba. Na yanke, kamu ashirin ko fi, na liƙe. In maigida ya ji, ni da kai duk mun tafi. Na so in gaya maka ranar nan. Na ce a raina wataƙila su ma badujalar daga fim ɗinmu suka koya." Ya share fuska. "Ka yafe ni, ɗan'uwa."

Sallau ya ɗauki gwangwanin. Ya fita tsakar gida, ya warware fim ɗin, ya ɗaga shi saitin rana. Hotuna ne ƙanana, kowanne kamar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja da yatsa. Ga mai hula ya taka. Ga shi ya sake takawa. Tafiya ce kawai, irin ta mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Ya zagaya benci, ya taɓa kafaɗarta, ta juyo, ya riƙe ta ta hau kamar mai hawa matakala, sannan ya durƙusa a hankali.

Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Oga, ashe nan ne wurin hutawa."

"Nan ne."

"Kwana goma sha biyu ina fasa gwiwa a wurin hutawa."

Inna ta leƙo daga madafa. "Me kake gani a rana haka?"

"Aikina, Inna."

Ya dawo ya zauna. Ya ce wa Nwabueze, "Ka rufa min asiri, ba zan ce ka cuce ni ba. Ni na faɗi."

Ranar Talata shi ya ɗauki adakar Dina a bayan keke, ya ɗaure da igiyar da yake ɗaure gwangwani, ya tura har tasha. Tana biye da shi da George da matarsa. A bakin jirgi ya nuna mata gwangwanin tabar, ya gaya mata abin da ke ciki. Ta ɗaga ta duba kaɗan, ta mayar masa.

"Na ce maka shaƙuwa yake yi."

"Kin faɗa."

"Da ka tashi, ko tafiyar keke ka yi, da yanzu adaka biyu ce."

"Na sani."

"Baɗi in kiɗa ya ɓace maka, ka taka ko mene ne. Ka ji, Malam Sallau? Kuma da hagu."

Jirgi ya yi kuka. Ya tsaya har wagunu na ƙarshe ya wuce, sannan ya kwance igiyar ya nannaɗe.

Kati biyu ta aiko ta hannun George, ɗaya daga Ibadan, ɗaya daga Ikko. Baɗi ta zo, ƙungiyar ba ta zo ba. Aka ce sun bi ta Gabas. Shekarar da ta biyo ma haka. Duk sanda aka manna sabuwar takarda a ƙofar silima sai Sallau ya jingine keke ya kira Nwabueze ya karanta masa, sai ta zama ta maganin tari ce ko ta taron siyasa.

Fim ɗin ya koma Ikko da gurbinsa, ba wanda ya taɓa tambaya. Masu sharar silimar Sabon Gari na shekarun nan sun ce da azahar sukan ga Sallau ya jawo benci gaban allo. Ya koyi tsakiyar daga gwangwanin taba, har da kiɗanta da ya ji sau ɗaya tak. Yakan zagaya a hankali, ya taɓa iska daidai kafaɗa, ya ɗora, ya durƙusa. Wata rana mai shara, Fanta, ta ce masa, "Malam, ka sake mana wani salon mana, kullum wannan?"

Ya ce, "Wannan ɗin ne a ciki."

Da la'asar ta yi sanyi ya mayar da benci, ya duba iskar taya, ya nufi Fagge ɗaukar gwangwani na farko.